Yaya Da Ƙanwa Da Amosanin Gaɓɓai

A wani ƙauye da ke kudancin ƙasar Katsina, can inda hanyar mota ta kan yanke da zarar damina ta kankama, akwai wata mata wadda a zamanin ƙuruciyarta duk karkarar babu mai ɗinkin hula kamarta. Dillalai su kan taso tun daga birni su kawo mata zare da ƙyalle, su dawo bayan mako uku su karɓi hular da in an kai ta kasuwa ba ta kwana. Yau kuwa wannan mata, wadda kowa a gidansu ke kira Yaya, in za ta sha fura sai ta tallabi ludayi da tafin hannu biyu, domin yatsunta sun karkace sun kwanta gefe guda, ba su iya riƙe allura, balle su zura mata zare. Shekarunta ko hamsin ba su cika ba.

Tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, autar ɗakinsu, wadda ke koyarwa a wata kwalejin Gwamnatin Tarayya a Kaduna. Ita ma ciwon nan ya kama ta, kuma likita ɗaya ne ya tabbatar musu cewa abin da ke jikin wannan shi ke jikin waccan. Amma wanda ya ga Malama tana rubutu a kan allo, ko tana ɗaura ɗankwali da safe za ta fita aiki, ba zai ce akwai abin da ke damunta ba. Abin da ya sa ɗaya ta nakasa ɗaya kuwa tana kan ƙafafunta ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin ba gidansu kaɗai ya shafa ba.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san irin ciwon da a ke magana a kai. Hausawa su kan haɗa duk wani ciwon gwiwa da kafaɗa da yatsu su kira shi sanyin ƙashi ko amosani, alhali kuwa a wurin likitoci ciwon gaɓɓai iri-iri ne. Akwai na tsufa, wanda guringuntsi ke cinyewa saboda shekaru da ɗaukar kaya. Akwai ciwon ƙashi na masu amosanin jini, wanda a ke haihuwar yaro da shi. Sa'an nan akwai dangin amosani mai kumburi, wanda babbansu shi ne wanda likitoci ke kira rumatoyid. Shi wannan, garkuwar jikin mutum ce da Allah ya halitta domin yaƙi da ƙwayoyin cuta ta ke ruɗewa, ta juyo ta far wa tantanin da ke lulluɓe da gaɓa. Sai tantanin ya kumbura, ya yi kauri, ya shiga cin guringuntsi da bakin ƙashi a hankali, har gaɓar ta goce daga mazauninta.

Alamunsa kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Ya kan fara da ƙananan gaɓɓan yatsun hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, kuma ya kan kama dama da hagu tare. Mai shi ya kan tashi da asuba hannuwansa sun sandare, su ɗauki sa'a guda ko fiye kafin su saki, ga gajiya marar dalili, ga ramewa. Ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku na maza, ya kan kuma bi dangi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi a duniya, kashi 70 cikin 100 mata ne. Sanyi ba shi ke kawo shi ba, ko da ya ke mai ciwon ya kan fi jin jiki da hunturu. Har wa yau ba a gaɓa kaɗai ya ke tsayawa ba: ya kan taɓa huhu da idanu, ya rage jini, ya ƙara haɗarin ciwon zuciya.

Abu mafi muhimmanci shi ne lokaci. Likitocin gaɓɓai sun haɗu a kan cewa watanni uku zuwa shida na farko su ne zinariya. In aka kama cutar a cikinsu aka fara ba da magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki, mutane da yawa su kan ci gaba da harkokinsu kamar ba su da kome. In kuwa aka bari ta ci ƙashi, to, abin da ta ci ya ciwu, babu maganin da zai mai da shi. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. To, a cikin waɗannan 'yan watanni ne hanyar Yaya da ta ƙanwarta suka rabu.

Yaya ce ta fara kamuwa, bayan ta yaye ɗanta na biyar. Da fari ta ɗauka gajiyar daka ce da jan guga, ta riƙa gasa hannu da ruwan zafi. Da abin ya ƙi, sai uwar mijinta ta ce sanyin jego ne da bai fita ba, aka dafa mata saiwoyi. Maƙwabta kuma suka ce a bincika, domin mace mai sana'a a hannu ba ta rasa mahassada, wataƙila jifa ne. Mijinta, manomi ne mai ƙaramin ƙarfi, bai yi sakaci ba iyakar saninsa. Ya kira wanzami ya yi mata ƙaho da tsaga a wuyan hannu. Ya sayar da akuya biyu ya kai ta wurin wani mai magani a wata ƙasa, aka yi turare aka ba da rubutu. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya wurin magori ya sayo ƙulli. Damina biyu aka yi ana wannan, babu wanda ya ambaci asibiti, domin a ganinsu asibiti na mai zazzaɓi ne da mai naƙuda da wanda mota ta buge.

Daga nan sai aka samu abin da kowa ya ce shi ne dace. Wani yaro mai kemis a bakin kasuwa ya haɗa mata ƙwayoyi huɗu a ƙullin leda, ya ce ta sha safe da yamma. Kwana biyu tsakani kumburi ya saɓe, Yaya ta ɗauki allura ta koma ɗinki, gida ya cika da murna. Abin da ba su sani ba shi ne a cikin ƙullin akwai deksametason, watau dangin ƙwayar nan da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, da kuma dikilofenak mai kashe zafi. Su waɗannan su kan danne zafi da kumburi, amma shan su kara zube ba ya tsai da cutar, kuma suna da nasu sharrin. Tun a 1948 da wani likita a Amurka, Philip Hench, ya fara gwada kotizon a kan mai wannan ciwo, aka ga gurguwa ta miƙe cikin 'yan kwanaki, har ya samu kyautar Nobel a 1950, ba a daɗe ba likitoci suka gane cewa shan irinsa da yawa shekara da shekaru ya kan jawo hawan jini da ciwon suga da rauni a ƙashi. Shekara huɗu Yaya ta yi tana shan haɗin nan. Fuskarta ta yi fam kamar ta mai ƙiba, mutane na cewa ta samu lafiya, sai ga gyambon ciki, sai ga suga. In ta bar sha kwana ɗaya jiki ya rikice, in ta sha kuma ciki ya ɗauki wuta. An gudu ba a tsira ba.

Mai karatu zai tambaya, ina ƙanwarta ta ke duk wannan lokaci? Tana nan, kuma ba ta yar da zumunci ba, duk salla tana zuwa gida. Amma Yaya mace ce mai kara, ba ta iya buɗe baki ta kai kuka wurin yarinyar da ta goya. In Malama ta tambaya, sai ta ja mayafi ta rufe hannuwanta ta ce, "Sanyi ne kawai, Auta, kin san damina." Ita kuwa Malama, duk da karatunta, ba ta taɓa jin sunan wannan cuta ba, saboda haka ta kan kawo man zafi da rigar sanyi, ta koma da zuciya ɗaya. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a kan wannan ciwo duhun bai bar 'yan boko ba.

Sai da abin ya zo kanta. Wata rana da safe ta ga alli yana neman faɗuwa daga hannunta, zoben da ke yatsanta ya ƙi fita. Ba ta yi mako uku ba ta je asibitin da ke da katinta na inshorar lafiya, domin tafiyar ba ta fi ta keke-napep ɗaya ba, ganin likita kuma ba sai ta taɓa albashinta ba. Likitan farko ya ba ta maganin zafi. Da ta koma ta ce ba sauƙi, ta kuma iya faɗa masa dalla-dalla wace gaɓa ce, da ƙarfe nawa ta ke sandarewa, da ƙarfe nawa ta ke saki, sai ya rubuta mata takarda zuwa asibitin koyarwa. Can aka ɗebi jini aka auna, aka ɗauki hoton hannu, aka gaya mata sunan cutar. Kafin wata huɗu ya cika ta fara shan metotirekset, maganin da ya zama ginshiƙin jiyyar wannan ciwo a duniya tun wajen shekarun 1980, sau ɗaya a mako, tare da ƙwayar folik asid da haidiroksikulorokwin. Ba a ce ba ta sha wahala ba. Ta yi jiran lambar izini daga kamfanin inshora, ta sha zuwa a ce magani ya ƙare ta saya a waje, a shekarar 2020 kuma da aka yi ta rububin haidiroksikulorokwin saboda jita-jitar yana maganin korona, sai da ta yi makonni tana nema. Amma tana da albashi, tana da hutun rashin lafiya, aikinta kuma ba na taɓarya ba ne.

Ranar da likita ya nuna mata hoton hannun wanda cutar ta daɗe a jikinsa, domin ya ja mata kunne kada ta yi wasa da magani, Malama ta ji gabanta ya faɗi, domin ta san wannan hannu. Shi ne hannun da ya ɗinka hulunan da aka sayar aka saya mata littattafai da akwatin makarantar kwana, a lokacin da mahaifinsu ya ce ba shi da halin karatun 'ya mace. Yaya an aurar da ita tana da shekara goma sha biyar, ba ta taɓa zama a aji ba, amma ita ce ta tsaya kai da fata sai autarsu ta yi karatu. Malama ba ta jira hutu ba, ta hau mota ta tafi ƙauye, ta durƙusa gaban mijin yayarta ta nemi izini, ta taho da ita Kaduna.

Likita ya duba hannuwan ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce, "Mama, wutar za mu iya kashe ta in Allah ya yarda, amma abin da ta riga ta ƙona ba za mu iya tayar da shi ba." Yaya ta ce, "Likita, ɗinki fa?" Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu. Shekara bakwai ke nan da fara ciwonta.

A cikin waɗannan shekaru bakwai ba yatsu kaɗai aka rasa ba. Dillalai sun daina zuwa, saboda haka kuɗin adashi ya tsaya, 'yan kunnenta da tasoshin ɗakinta suka bi akuyoyi. Da aka ga ba ta iya daka ba ta iya tuƙa tuwo, sai aka cire babbar 'yarta daga aji biyu na ƙaramar sakandare domin ta riƙe gida. Daga baya maigida ya ƙara aure, ba don ƙiyayya ba, sai don gida na bukatar hannu. In da za a tara abin da aka kashe a wurin masu magani da magori da kemis, da ya sayi maganin gaskiya na shekaru. Haka talauci ya ke yi: ya hana mutum zuwa da wuri, rashin zuwa da wuri ya nakasa shi, nakasa ta ƙara masa talauci, sa'an nan ta miƙa wa 'ya'yansa gādo.

Ba a ƙasar nan kaɗai a ke ganin haka ba, ba kuma yau aka fara ba. Likitan da ya fara bayyana wannan cuta a rubuce, wani Bafaranshe mai suna Landré-Beauvais, a shekarar 1800, a jikin matalautan mata ya gan ta, a wani gidan jiyya na gajiyayyu a birnin Faris. A Ingila kuwa, inda gwamnati ta ɗauke wa jama'a kuɗin asibiti tun 1948, masu bincike sun tarar cewa masu wannan ciwo da ke zaune a unguwannin talakawa sun fi nakasa a kan na unguwannin masu hali, alhali asibiti ɗaya su ke zuwa. Dalilan kuwa sanannu ne: aikin ƙarfi da ba ya barin gaɓa ta huta, da jinkirin zuwa wurin likita, da ƙarancin ilmin da zai sa mutum ya yi tambaya ya kuma fahimci amsa, da tarin waɗansu cututtuka a jiki guda. Shan taba yana ƙara haɗarin kamuwa, yana kuma rage ƙarfin magani. Ƙurar dutse da masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai ke shaƙa ita ma an tabbatar tana ƙara haɗarin. To, in haka ta ke inda magani kyauta ne, ina ga inda kome sai an biya?

A Nijeriya an daɗe ana zaton cutar ba ta dami baƙar fata ba. A ƙarshen shekarun 1960 Dakta Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi aiki a Zariya, ya bincika a asibitin koyarwa na Badun, ya tarar masu ita ba su da yawa, kuma ba ta cika tsanani a jikinsu ba. Amma da aka samu likitocin gaɓɓai 'yan ƙasa suka buɗe ɗakunan duba marasa lafiya, sai ga mutane suna ɓullowa. A shekarar 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka buga bayanin mutum 200 masu wannan cuta da suka duba a Ikko, mafi yawansu mata. Littafin asibiti wanda ya iso ƙofa kaɗai ya ke ƙirgawa. Irin su Yaya, da suka yi shekaru a bayan kangon ƙauye, babu littafin da ya san da su. Har yanzu kuma likitocin gaɓɓai 'yan ƙalilan ne a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, kusan dukkansu suna manyan asibitocin birane.

Samun sunan cuta ma ba shi ne ƙarshen wahala ba, domin wannan jiyya ce ta tsawon rai. Metotirekset magani ne mai ƙarfi: sau ɗaya a mako a ke shan sa, wanda ya yi kuskure ya sha kullum yana iya rasa ransa. Takardar da ke jikin kwalin kuwa da Turanci ta ke. Sai da Malama ta zauna ta ƙulla wa yayarta shi da ranar Juma'a, ta ce, "Yaya, in kin ji kiran salla na masallacin Juma'a, ranar ce, ban da ita kada ki taɓa." Ana bukatar awon jini lokaci lokaci domin a ga lafiyar hanta da yawan jini, wurin awon kuwa yana birni. Mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa, domin yana lahani ga ɗan tayi, wannan kuwa magana ce mai nauyi a gidan da a ke auna darajar mace da haihuwa, ga kuma amarya a ɗaki na kusa. Ga hanya ba lafiya, domin 'yan bindiga sun sa tafiya a wannan yanki ta zama sai da addu'a. Duk waɗannan ba a rubuta su a takardar likita, amma su ne ke yanke hukuncin ko magani zai yi aiki.

Sa'an nan ga babbar magana, watau kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya ya ke fitowa. Shirin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka yi wa doka a 1999 ya fara aiki a 2005, ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni ya fi amfana, watau irin su Malama. A shekarar 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa ƙarfi, jihohi da dama ma sun kafa nasu hukumomin taimakekeniya, amma mafi yawan manoma da masu sana'ar hannu har yanzu ba su shiga ba. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kusantar wannan adadi ba. Akwai sababbin allurai masu ƙarfi da aka fara amfani da su a duniya tun 1998 domin waɗanda ƙwayoyi suka kasa, amma ta wata ɗaya ta kan lashe fiye da Naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Talaka ko labarinsu ba ya ji.

Malama ta ɗauki nauyin maganin yayarta, duk wata tana aikawa da kuɗi. Shekara ta farko abin ya yi kyau, kumburi ya kwanta, aka janye ta daga haɗin kemis a hankali, domin irinsa ba a yanke shi farat ɗaya. Yaya ta koma tana iya yin alwala da kanta, tana iya tafiya gidan suna. Sai ga shekarar 2023, aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kuɗin mota ya ninka, magungunan da a ke shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo, hatsi ma ya bi sahu. Albashin Malama bai motsa ba, ga nata maganin, ga nata 'ya'yan, amma ba ta fasa aike ba.

Da ta je gida da babbar salla sai ta tarar gwiwoyin Yaya sun sake kumbura. Ta buɗe gwangwanin da a ke ajiye magani ta ƙirga, ta ga lissafi bai fita ba. Ta ce, "Yaya, don Allah gaya mini gaskiya, yaya ki ke shan maganin nan?" Yaya ta yi shiru, can ta ce tana sha Juma'a ɗaya ta tsallake ɗaya, awon jini kuwa ta bar zuwa tun bara, abin da ya ragu na kuɗin tana sayen masara. Malama ta fara faɗa, hawaye na zuba. Yaya ta bari sai da ta gama, sa'an nan ta ce, "Auta, ni ciwona ya iya jira, ya saba. Cikin yaran nan ne bai iya ba." Malama ba ta sami abin cewa ba, domin ta san in ita ce a wannan ɗaki, abin da za ta yi ke nan.

A takardar asibiti, irin wannan sai a rubuta cewa marar lafiya ba ta bin umurnin likita. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo. Yanzu dabarar da suka yi ita ce Malama ta daina aikawa da kuɗin magani, sai ta sayi maganin da kanta ta ba direban da ke zuwa kasuwar garin, kuɗin hatsi kuma ta aika daban gwargwadon hali. 'Yar da aka cire daga makaranta ta ɗauko ta ta mai da ita aji a Kaduna. Wannan gida ya yi sa'a yana da Malama. Gidajen da ba su da ita su ne suka fi yawa.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowa. Hukumomin lafiya na jihohi su koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara alamun nan guda uku, watau kumburin ƙananan gaɓɓai, da kamun dama da hagu tare, da sandarewar safe mai daɗewa, domin duk wanda ya yi mako shida da su a tura shi gaba ba tare da jinkiri ba. Wannan ba ya bukatar na'ura, ido ne da tambaya. A sa magungunan wannan ciwo da awon jininsa cikin abin da asusun marasa ƙarfi ke biya, a kuma kawo su manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin wanda aka riga aka gano cutarsa ba sai ya riƙa tafiyar yini guda saboda ƙwayar wata ɗaya ba. A rubuta ƙa'idar shan magani da Hausa, da boko da ajami. Hukumomin da ke kula da sayar da magunguna su sa ido a kan haɗin da a ke ƙullawa a leda. Gidajen rediyo da malamai masu wa'azi su gaya wa jama'a cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma ba kowane kumburi ne jifa ba.

Magidanta kuma su dubi hannuwan matansu da na iyayensu mata. Macen da ta tashi da safe ta kasa murɗa murfin tulu ko ɗaure zane, mako ya bi mako, ba lalaci ba ne, ba kuma raki ba ne. Akuyar da za a sayar bayan shekara biyu a kai wa mai turare, gara a sayar da ita yau a kai ta asibiti.

Yaya tana nan a ƙauyensu. Da hantsi ta kan zauna a inuwar darbejiya, 'yan matan unguwa su kewaye ta da zare da allura, tana duban ɗinkinsu tana cewa wannan ta warware, waccan ta ƙara ja. Ido bai manta ba, baki ma bai manta ba. Ranar Juma'a in ladan ya yi kira, ƙaramin ɗanta ya kan buɗe mata gwangwani, ya ƙirga ƙwayoyin a tafin hannunta, ya miƙa mata ruwa a moɗa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma ba masu iko ikon duban na ƙasa da su, amin.